Uwar Farantai da Kishin Mai Famfo

Kafin masu shara su gama da barandar sashen binciken zuciya, Inna ta riga ta wanke hannu, ta zura farar riga da safar hannu, ta buɗe akwatin ɗumi. "Kun tashi lafiya?" take cewa, kuma ba da mutum take ba. Da wasu 'yan farantan roba take, waɗanda ke jere a ciki, kowanne da ɗan jan ruwa a gindinsa. Takan ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta haska. Wanda ruwansa ya fara komawa rawaya, yunwa yake ji. Sai ta zuƙe tsohon ruwan ta zuba sabo, amma sai ta ɗumama shi ya kai ɗumin jikin mutum, don ta ce ba a yi wa jariri wanka da ruwan sanyi.

Abin da ke cikin farantan ido ba ya ganinsa. Ƙwayoyin halitta ne, irin waɗanda Allah ya shimfiɗe cikin jijiyoyin jininmu da su. Farfesa da ɗalibansa so suke su gano yadda kitsen nan da ake kira kolestarol ke ratsa wannan shimfiɗa ya taru a bangon jijiya, har hanyar jini ta ƙuntace, mutum yana tafiya ya dafe ƙirji. Amma kafin a yi wa ƙwayoyin tambaya, sai an sami mai raya su a wajen jiki, kuma su ba su san Asabar ba, ba su san hutu ba. Wannan rainon Inna ta yi shekara talatin da ɗoriya, har ta ajiye aiki a makon jiya. Yabon gwani ya zama dole.

Sai dai mai son sanin nauyin aikin Inna, kada ya tambayi Farfesa. Ya tambayi mijinta, mai gyaran famfo, wanda ake kira Mai Famfo. An ce kishi kumallon mata ne, to wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin bawan Allahn nan a kan bencin baranda ranar Asabar ba, ya sha guga, an shirya fita ziyara, matarsa ta ce, "Bari in leƙa su, yanzu zan fito." Ta gilashin ƙofa yake hango ta ta sunkuya a kan madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, fuskarta ta yi laushi, tana wani murmushi da rabonsa da shi tun suna saurayi da budurwa. Abin yana cin ransa, kuma ba ya ɓoyewa.

"Maman Auta," ya ce mata wata rana a mota, "rabon da ki tambaye ni yadda na tashi da irin muryar nan, tun Auta na goye."

"Kai ai kana da baki, Baban Auta. In yunwa ta kama ka, sai unguwa ta sani. Su kuwa shiru za su mutu."

"To wai me ake nema shekara da shekaru? Bututu ne ya toshe. A zura waya a wuce wurin."

"Naka dattin a cikin bututu yake kwanciya," in ji ta. "Namu kuwa, ƙwayoyin nan ne ke karɓar kitsen ta wannan fuska, su ratsa da shi, su sauke ta waccan, cikin bangon kansa. In an gano ƙofar da suke karɓa da ita, watakila a iya rage ta."

"Au! Ashe 'yan dako kike raino. Saboda 'yan dako nake shan zama a benci."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Abin da yake son sani guda ɗaya ne, kuma tsoron amsar ya hana shi tambaya: in an ɗora shi a sikeli da farantan nan, wa zai rinjaya a zuciyarta?

Shaidun da yake tarawa kuwa duk ba sa goyon bayansa. Akwai ɗalibar da farantanta suka yi fumfuna ana gab da kammala karatunta, ta zauna a ƙasa tana kuka. Inna ta buɗe lungun akwatin ɗumi ta ciro wasu, ashe duk wanda ta ba iri sai ta rage kaɗan ta ci gaba da rainonsa a gefe, ko da tsautsayi. Yarinyar yanzu likita ce, har gobe Inna take ce mata. Mai Famfo da ya ji labarin cewa ya yi, "Na wasu ma tana da ajiya." Akwai kuma ranar da wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, akwatin ya fara hucewa. Mai gadi ya ga Inna ta jera farantai a kwando tsakanin kwalaben ruwan ɗumi, ta lulluɓe, ta kira mijinta ya kai ta wani asibiti mai wuta. Ya zo, don bai taɓa ƙin zuwa ba. Amma har yau yana ba da labari: "Ko ranar da na kai ta haihuwar Auta ba ta ce in bi rami a hankali kamar ranar nan ba."

Ke ce, Inna, uwar marasa baki. Ke ce wadda sunanki ke zuwa can ƙarshen takardun bincike, a layin godiya da ba kowa ke karantawa ba, alhali ba don hannunki ba da babu abin rubutawa. Ɗalibai sun zo sun wuce sun zama manya, ke kina nan kina ɗumama jan ruwa. Ba ki taɓa cewa kin gaji ba, mijinki ne ya riƙa faɗa a madadinki.

Sai ga shi wata rana, shekarun baya kaɗan, Mai Famfo yana hawa bene da akwatin kayan aiki, ƙirjinsa ya riƙe kamar an ɗaure da waya. Likitoci suka duba suka ce jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsa sun ƙuntace, sai an ciro jijiya daga ƙafarsa an yi wa jinin sabuwar hanya. Wanzami ba ya son jarfa: mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yanka bututun mutane ya yi tsuru-tsuru a gado. Da likitan tiyata ya tambaye shi ko ya yarda a ba masu bincike ɗan guntun jijiyar da zai rage, sai ya ɗago kai.

"Waɗanne masu binciken? Na ɗakin matata?"

"Su fa."

"A kai musu. Tunda ba ta kallon kowa sai wanda ke cikin faranti, a sa ni a faranti."

Kwanakin bayan tiyata bai riƙe su sosai ba. Duk lokacin da ya buɗe ido yakan gan ta a kujerar gefen gado, amma ta tagar ɗakin ana hango ginin sashensu, tafiyar da ba ta kai a sa takalmi ba. Don haka ya yanke wa kansa hukunci cewa da zarar barci ya ɗauke shi take sulalewa ta je ta ba 'yan dakonta abinci. Har masu dubiya ya riƙa gaya wa haka, tana jin sa.

Da ya warke ya nemi a nuna masa farantinsa, ta ce ba a rubuta suna, lamba ake sawa, kuma ita ba a gaya mata lambar kowa. Nan kishi ya sake sabon tashi. "Wato duk tarairayar nan, har da jijiyoyin wasu mazan ake yi wa?" Ya yi kwanaki yana cin abinci yana ɗaure fuska.

Da irin wannan fuskar ya zo walimar ajiye aikinta. Ya zauna a layin gaba, ya rungume hannu, ana ta zuba mata yabo yana gyaɗa kai kamar mai jin ana yabon abokin takararsa. Daga ƙarshe Farfesa ya miƙe.

"Duk shekarun nan," ya ce, "sau ɗaya farantai suka mutu a hannun Inna. Ni da ɗalibai mun tafi taro wata ƙasa, mun bar mata aikin kusan shekara guda, ita kaɗai. Sai ta kira ni ta ce, 'Ranka ya daɗe, an shiga da maigidana tiyata. Ba zan tashi daga gefensa ba sai ya tashi. In ka dawo ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama.' Ta nemi mai riƙe mata ba ta samu ba. Ginin yana nan a gabanta, tana kallonsa ta taga, ba ta taka ba. Muka dawo muka tarar ruwan ya zama rawaya, babu ko ɗaya mai rai. Ita ta wanke akwatin da hannunta, ta sake farawa daga guntayen jijiyoyin da ɗakin tiyata ke aiko mana. Da su muka yi aikin da ake yabonmu da shi yau."

Aka yi tafi. Mai Famfo bai tafa ba. Mutumin da ba a taɓa rasa magana a bakinsa ba ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Sai da jama'a suka watse ya same ta a ɗakin gwaje-gwaje tana ninke farar rigarta.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"In faɗa maka ka cika gari da baki?"

"Na yi ta gaya wa mutane kina sulalewa."

"Na ji ka. Mara lafiya mai ƙarfin ƙorafi ai ya kama hanyar warkewa. Daɗi ma na ji."

Ta ciro wani faranti daga ƙwayoyin da ake adanawa a ƙanƙara a farkar da su in ana buƙata, ta ɗora a ƙarƙashin madubi, ta ja masa kujera. Ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Ga su nan manne da juna kamar daɓen tayil, wasu da 'yan ɗigon maiƙo suna ƙyalli a cikinsu.

"Nawa ne?"

"Na ce maka ban sani ba. Amma waɗannan sun fi kowa son maiƙo, kuma in na makara kaɗan su ke fara ɓata rai. Ina da wanda nake zargi."

Ya daɗe bai ɗago ba. Can ta ji ya rage murya, irin muryar nan da ya shekara talatin yana jin haushinta, ya ce, "Kun tashi lafiya?"

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi riƙon amanar abin da ba zai taɓa buɗe baki ya gode muku ba, ku kuma koyi sanin ranar da za a bar komai a zauna gefen gadon mutum. Mai Famfo kuwa yanzu ya sami matarsa shi kaɗai, muryar nan ma ta safe ta dawo kansa. Sai dai Asabar ɗin da ta wuce, ita tana zaune tana shan shayi hankali kwance, shi ne ya yi ta kai-kawo da makullin mota a hannu, yana tambayar ko ta tabbata wadda ta gaje ta ta san ana ɗumama ruwan.