Tseren Jakunan da Aka Bayar Gyara

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na shanye na manta, amma akwai wata ranar kasuwar Minjibir da ba za ta bar raina ba har in koma ga Allah. Ranar ce na tsaya a bakin titi da tsohon ciki, na ji muryata tana fitowa daga shagon mutumin da ban taɓa gani ba. Shekaru sun ja yanzu, amma duk sanda na tuna sai in ji abinci ya fita daga raina.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Minjibir, inda gonar wannan take manne da ta wancan, akuya ma sai a ɗaure take kiwo. Gonar gidan su mijina an raba ta gado, an sake rabawa, har ɗan abin da mahaifinsa ya yanka masa in ka tsaya a wannan gefe za ka yi hira da na wancan gefen ba ka ɗaga murya ba. Geron da take bayarwa ba ya kai mu tsakiyar rani. Yayyensa duk sun watse Kudu ci-rani, sai da Sallah ake ganinsu. Shi kaɗai ya kafe ya ce ba inda za shi, shi yana da sana'a a hannu.

Sana'ar kuwa ita ce buɗe akwatunan gem, waɗannan da samari ke jonawa da talabijin suna buga ƙwallo ko faɗa. Daga kamfani a kulle suke zuwa, ba sa karɓar wasa sai na asali, shi kuwa na asalin tsadarsa ta fi ƙarfin kowa a wajenmu. To sai mijina ya kwance akwatin ya dasa masa wani ɗan cip da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ko ya yi masa kutse da fulash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, shi ke nan ya buɗe, a loda masa wasanni na kwafi iya cikinsa. Ya koyi aikin ne a wurin wani Alhaji mai shagon rediyo da talabijin a cikin gari, wanda ya riƙe shi tun yana yaro kamar ɗan cikinsa. Alhajin nan har da shi a masu zuwa neman aurena.

Ni dai bakina ba ya shiru, tun ina amarya na taɓa tambayarsa, "Wai masu wasannin nan sun san kana raba musu kaya?"

Ya yi dariya ya ce, "Akwatin nan, wa ya saya? Mai shi. In mutum ya sayi keke ya ce a canza masa sirdi, kamfani zai kai shi ƙara?"

Na ce, "Na ji ta akwati. Wasannin fa?"

"Su waɗannan suna can ƙasashen da ba su ma san da mu a duniya ba. Ko na kwafa ko ban kwafa ba, ba mai saye a nan. Me na rage musu?"

Maganar akwatin ta shige ni, har yau ma ina ganin yana da gaskiya a kanta. Ta wasannin ce ba ta zauna min ba. Amma bakinsa ya fi nawa kaifi, kuma da wannan aikin muke cin tuwo, sai na bar zancen.

Sannu a hankali aikin ya fara ja da baya. Kowane saurayi ya kalli bidiyo a waya ya ce shi ma ya iya, masu kawo akwati suka ragu. A nan ne mijina ya zo min da wata magana da na ɗauka zolaya ce: wai zai ƙirƙiri wasa nasa na kansa. Sai da na ga ya ja bijimin da muke kiwo ya kai kasuwa, ya dawo da tsohuwar kwamfuta a buhu, sannan na san da gaske yake. Ranar ban yi masa magana ba har aka yi la'asar. Ni na sha wahalar yankan ciyawar bijimin nan, kuma na riga na gama lissafa masa aiki a raina.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, mutumin nan yana kan abu ɗaya. Da safe gona, da rana ya ɗauki kwamfuta ya tafi wurin mai cajin sola ya zauna a ƙarƙashin rumfa yana daddannawa. Ya rame, idanunsa suka faɗa. 'Yan gari suka sa masa suna mai hira da allo. Amma ranar da ya jona min abin a talabijin, sai da na zauna a ƙasa don dariya. Tseren jakuna ne. Ka zaɓi jakinka, ka hau, ka bi ta cikin gonaki, ka kauce wa kududdufi, ka tsallake kunyar gyaɗa. In ka cika dukan jakin sai ya tirje ya watsar da kai. In ka taka shukar wani, sai wani tsoho ya fito da fartanya ya biyo ka. Ga rimin bakin garinmu, ga rumfar mai tsire, duk ya zana su. Ban taɓa ganin ƙauyenmu a talabijin ba sai ranar.

Abu ɗaya ya rage, in ji shi: wanda ya ci tsere ya kamata a yi masa guɗa. Ya sa ni gaba a ɗaka da wayarsa. Na ce Allah ya kiyaye, ni ba zabiya ba ce. Ya yi ta lallashi har na rufe ido na rangaɗa masa ita. Ta farko akuya ta ɓata, ta biyu dariya ta ƙwace min, a ƙarshe dai ya samu wadda yake so.

Shirinsa mai kyau ne. Tunda ba wanda ya fi shi sanin yadda ake fasa makulli, shi ma zai yi wa nasa wasan makulli, ya ɗaure shi da akwati ɗaya yadda ba zai kwafu ba. Sai ya bi gidajen gem ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa kowa da hannunsa, a biya shi. Kuma lokaci ya ƙure mana, don surukina ya riga ya kira shi ya ce, "Na zuba maka ido ya isa. In kaka ta yi ba ka tsayar da komai ba, ka bi yayyenka. Ga iyalinka da ciki." Magana ta rage tsakanin wasan nan da zamansa a gida.

To a wajenmu ba a fara cin amfanin sana'a ba a kai wa ubangida ya sa albarka ba. Don haka tun kafin ya gama makullin, ya sa wasan a fulash ya kai wa Alhaji. Ya dawo yana ta fara'a, ya ce Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya sa masa albarka, sannan ya ce a bar masa fulash ɗin ya ƙara kallo.

Na ce, "Wanda ba makulli ka bar masa?"

Ya sosa ƙeya. "Na so in ce masa bari in gama in kawo. Amma ta yaya zan dubi idon mutumin da ya koya min riƙe sukudireba in nuna masa ban yarda da shi ba?"

"To ka faɗa masa na sayarwa ne?"

"Haba, ai ya sani."

Bai sani ba. Kunya ta hana mijina faɗa masa, shi kuma Alhaji bai ga abin tambaya ba.

Makonni suka wuce yana fama da makullin da aikin gona, har ya gama. Ranar kasuwa ya saka sabuwar rigarsa, ya rataya jaka, ni kuma na bi shi don ina da awo a asibiti. A mota sai lissafa min shagunan da zai fara da su yake, yana cewa in Allah ya yarda kafin in haihu zai mayar min da bijimina. Muka sauka, muka miƙi titin kasuwa. Ba mu yi nisa ba na ji guɗa. Na waiga ina neman inda ake biki. Aka sake rangaɗa ta, da 'yar karyewar nan ta ƙarshe inda numfashina ya ƙare. Tawa ce, daga wani shago mai labulen buhu take fitowa, samari sun cika shi har waje suna ihu.

Mijina ya shiga, ni na tsaya daga bakin ƙofa ina jin su. Ya tambayi mai shagon inda ya samo wasan. Mutumin ya ce, "Wannan? Ai ya zaga gari. Na kai akwatina wurin Alhaji ya buɗe min, shi ne ya ƙara min da shi gyara. Wallahi ya fi ƙwallo kawo min yara." Mijina ya ce shi ya yi shi. Mutumin ya kama hannunsa yana jinjinawa, ya kira samarin su zo su ga gwani. Da mijina ya yi ƙarfin hali ya ce dama ya zo ne ya sayar masa, sai ya saki hannun ya ce, "To Malam, in sayi abin da nake da shi?"

Shago na biyu haka, na uku haka. A nan ne ma wani da ya zo daga birni ya ce can ma ya gan shi wurin masu lodin wasanni, amma sunan da ke fitowa a farko ba na mijina ba ne, wani ya goge ya sa nasa. Ban je awon ba ranar. Muka wuce shagon Alhaji.

Yana hango mu ya washe baki. "A'a, ga mai jakuna! Ka ji yadda garin ya ɗauka?"

Mijina ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya saba, sannan ya ce, "Alhaji, wasan nan na ga ya fita."

"Ni na fitar maka da shi mana. Ka san ni ba na sallamar mutum ban ƙara masa wani abu ba. Mai awon gero ma in ya cika mudu sai ya ƙara hannu guda. Duk wanda ya kawo akwati na buɗe masa, sai in ɗora masa naka a kai gyara. Suna nake nema maka, yaro."

"Alhaji, da shi na so in ci abinci."

Alhaji ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube shi. Na rantse ba alamar mugunta a fuskarsa, mamaki ne tsantsa. Ya ce, "Da wasan? Ikon Allah. Ni da kai, duk shekarun nan, wa muka taɓa biya kuɗin wasa? Ai aikin hannu ake biya, buɗewa da lodi. Abin da ke ciki kuwa na kowa ne. Ba haka muke yi ba?"

Ni ce na kasa haƙuri, na ce daga inda nake tsaye, "Alhaji, bijiminmu fa ya tafi a kan wannan abin!" Mijina ya juyo ya ce, "Ke!" Alhaji ya yi salati, ya ce wallahi da ya sani da bai yi ba, kuma na yarda da shi. Ya laluba aljihu ya ciro ɗan abin da ya samu, ya ce a saya wa mai ciki lemo. Mijina ya sa hannu biyu ya karɓa ya yi godiya, don ba a mayar wa babba kyauta. Duk abin da na gani ranar, wannan godiyar ce ta fi ƙona min rai.

Bayan nan ya ɗan yi ta buga-buga. Ya ce zai ƙara sababbin jakuna da sababbin hanyoyi ya fitar da na biyu mai makulli. Da ya gama shi, ya kai wa wani mai shago ɗaya da ya yarda ya biya. Ba a rufa mako ba wani yaro a birni ya fasa makullin, da irin dabarar da mijina ya sha koya wa na ƙasa da shi kyauta. Da labarin ya zo masa sai ya rufe kwamfutar ya tura ta ƙarƙashin gado. Ba hukumar da za mu je, ba mai unguwar da zai gane ƙarar. Ko da za a saurare shi, tambayar farko da za a yi masa ita ce mece ce sana'arsa.

Da aka yi kaka surukina bai ma sake ɗaga maganar ba. Mijina da kansa ya sayar da kwamfutar ya yi kuɗin mota, ya bi yayyensa. Dako yake yi a wata kasuwar albasa a Kudu. Na haihu ba ya nan, aka yi suna ba ya nan. Yanzu in ya zo da Sallah, yatsun nan da suke dasa cip ba sa karkarwa sun yi kanta, da ƙyar yake sa zare a allura. Ba ya zancen wasan, ba ya bi ta titin da gidajen gem suke. Na taɓa cewa ko zai sake gwadawa, ya dube ni ya ce, "Don wa?" Ban ƙara ba.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi in samu sauƙi, ban samu ba. Alhaji alheri ya yi niyya, masu shaguna abin da aka saba musu suka yi, mijina kuma neman abinci ya sa shi sana'ar tun farko. Abin da dai na koya shi ne, in aka saba wa mutane cewa gumin wanda ba sa gani kyauta ne, ranar da gumin na kusa ya zo hannunsu haka za su raba shi, suna yi suna sa masa albarka. Mu muka koya wa garin nan cewa abin da ke cikin akwati ba shi da mai shi, kuma garin ya riƙe karatun da kyau. Ni ce nake kwana da yara ni kaɗai a kan haka.