Hannun Fedar da Miƙau Ya Miƙe

Shekara talatin Miƙau yana gyaran keke a rumfarsa, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. Kai masa lanƙwasasshen ƙarfe, sai ya zura shi a bututu, ya danne da gwiwa, ya bi da guduma. "Ƙarfe ba a yar da shi, miƙe shi ake yi," in ji shi. Cokulan matarsa ma ba su tsira ba.

Ƙaninsa Auta ma'aikacin lafiya ne, yana bin ƙauyukan kan dutse da keke mai batir, akwatin allurai ɗaure a baya. Wata safiya ya turo keken. Hannun feda na hagu, wato ƙarfen da ke riƙe da fedar, ya bugi dutse ya karkace.

"Yaya, a sauya ko?"

Miƙau ya kwance hannun, ya ji shi shafal. Alminiyon ne, wanda keken ya zo da shi daga kamfani. Sarai ya san alminiyon ba ya lanƙwasuwa sau biyu: tsagewa yake ta ciki, waje sumul. Sabo kuwa sai an jira kwana huɗu. Amma a ce Miƙau ya yar da ƙarfe? Hali zanen dutse. Auta na leƙawa ofishinsu, Miƙau ya jawo bututu.

"Ya yi," ya ce masa da ya dawo. "Hau abinka."

Kwana tara bayan nan, a wata gangara, Auta ya tsaya kan feda, hannun ya ɓalle. Ƙafarsa ta karye wuri biyu.

A asibiti, duk wanda ya zo dubiya sai Auta ya ce, "Kayan kamfani ne, ba ƙwari." Miƙau na gefe riƙe da ledar lemo yana gyaɗa kai, kunya kamar ya nutse. Ya sayo hannu mai ƙwari ya ɗaura wa keken, ya goge shi tas. Hakan bai rage masa kunyar ba.

Ranar sallama, yana tura Auta a keken marasa lafiya, abin ya fi ƙarfinsa.

"Auta, ba laifin kamfani ba ne. Miƙe shi na yi, alhali na san ba zai riƙe ba."

Auta bai waiwayo ba.

"Tun a rumfa na ga shatin gudumarka, Yaya."

"To me ya sa ka hau?"

"Kai ka ce ya yi."