Likita Sa'adu da Kumburin Rabi

Ina cikin ɗaure wa wani manomi ƙafar da fartanya ta sara, direban motar asibiti ya leƙo ta taga ya ce Likita Sa'adu ya rasu a gidansa na Bakura bayan sallar asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da na ƙarasa ɗaurin, domin shi ba ya yafe wa nas ɗin da ta bar rauni a buɗe, ko da kuwa a kan mutuwarsa ne. Sannan na zagaya bayan ɗakin magani na yi kukana.

Na yi aiki a ƙarƙashinsa a Talata Mafara tun lokacin da aka tare kogi a Bakolori. Mutanen da ruwa ya ci gonakinsu suka cunkushe a sababbin matsugunai wajen Maradun, ƙazwa ta bi yara, tsargiya kuma ta bi duk mai wanka a magudanan ruwa. Ba mutum ne mai sauƙi ba. Yana da faɗa, yana da son shayi, kuma bai taɓa ce wa uwa kada ta damu ba. Yakan ce, “Bari ta damu, ɗanta na. Ke dai gaya mata abin da za ta yi.”

Na san darajar wannan hali ne a kan 'yata Rabi. Ta je hutu Maradun wajen surukata, wadda muke kira Inna, ta dawo da ƙurajen ƙazwa duk sun yi ruwa. Suka warke, muka manta. Bayan 'yan makonni ta tashi fuska a kumbure, fitsarinta ɗan kaɗan, launinsa kamar baƙin shayi. Inna, da ta zo mana kwana biyu, ta ce tsargiya ce, wane yaro ne bai da ita yanzu? A dama kunun kanwa, a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe kumburin. Ni da nake nas, wallahi na kusa yarda.

Likita ya duba fatar idon Rabi, ya auna jininta, ya ce ba tsargiya ba ce, ƙoda ce ta toshe. Ya yi mata allura, ya hana gishiri, ya hana kanwa, ya ce ruwan sha ma a rage. Ni ce mai hana yarinya ruwa tana miƙo hannu, kakarta tana kallona kamar na kashe mutum. Da Inna ta aika a kira wanzami, sai na aika a kira Likita.

Ya zo a babur, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta har sai da gaisuwa ta ƙare. Sannan ya ce, “Inna, ku da kuka tashi cikin shanu, mi aka yi ma saniya in za a kai ta mahauta?”

Ta ce, “Shaida aka sa mata.”

“To, cikin jini akwai mai sa shaida. Hanta ka yin shi, likitoci na ce mishi C3. In ya gamu da ƙwayar cuta sai ya rabe biyu. Ƙaramin ya tai kiran mayaƙan jini, babban ya manne ma ƙwayar, don su gane wadda za su ci. Kowane wanda ya manne kuma sai ya jawo 'yan'uwa nai, nan da nan ƙwayar ta ruhe da shaida.”

Inna ta ce, “In haka na, mi ka hana shi shaida naman mutum?”

Ban taɓa ganin ya ji daɗin tambaya kamar wannan ba. Ya ce mai sa shaidar kullum yana gwadawa, sai dai Allah ya sa wa naman jikinmu masu tsaro da ke goge shaidar tun ba ta yaɗu ba, ƙwayar cuta kuwa galibi ba ta da su. A jikin Rabi, yaƙin da aka yi da ƙwayar da ta shiga ƙurajen ne ya bar tarkace a matatar ƙoda, mai shaida ya taru a wurin ya fi ƙarfin masu gogewa, matata ta cushe. Kanwa da gishiri ruwa za su ƙara tarawa, ƙaho kuwa sabuwar ƙofa zai buɗe wa cuta.

Ta ce, “Ɗiyar ga za ta tashi?”

Ya ce, “Rai na Allah na, Inna. Amma mahi yawan ɗiyan da na gani sun tashi. Ki ba masu gogewa lokaci.”

Inna ta sallami wanzami da goro. Tulun ruwa kuma ta ɗauke shi ta kai ɗakinta, ta ce ita za ta riƙa ba Rabi da ƙaramin ludayi, don kada yarinya ta tsani uwarta.

Ranar wata Juma'a ya biyo zai tafi masallaci, da farar babbar riga da ta sha guga. Ya tarar Rabi ta cika fo da fitsari har baki. Mutumin nan da ma'aikata ke rawar jiki in sun ji takunsa ya naɗe hannun riga, ya ɗaga fo ɗin ya fito da shi tsakar gida yana dubawa a hasken rana, yana dariya, yana ta alhamdu lillahi. Inna ta rangaɗa guɗa a kan fitsari.

Jiya mun je ta'aziyya Bakura. Rabi, wadda yanzu ta kamo ni tsawo, ta durƙusa gaban matarsa ta ce, “Hajiya, ni ma ubana na ya rasu.” Hajiya ta riƙe ta, ba ta sake ta ba har muka tashi.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sa'adu, ka shafe kurakuransa, ka yalwata masa kabari, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Hajiya da 'ya'yansa haƙuri, ka raya su kamar yadda ya tsaya a kan 'ya'yan mutane. Mu kuma da ya koyar, ka ba mu ikon riƙe abin da ya bari. Amin.