Jan Rubutun Da Na Fassara Wa Maƙwabciyata

A shekarar da abin ya faru ni tsohuwa ce mai jikoki tara, gwiwa na ciwo, baki kuwa lafiya lau. A unguwar Klemat aka haife ni, cikin zuriyar mutanen da suka taso za su Makka da ƙafa, suka tsaya shan ruwa a garin nan, har yau ba su gama sha ba. Ban shiga lekol ba, wato makarantar boko. Ina jin Hausa, ina jin Larabci, amma takarda a tsaye take ko a kife, duk ɗaya ne a wurina. Wannan ma matar ɗana ce ke rubutawa, kuma na ce kada ta tsallake inda na yi mata rashin gaskiya.

Da ɗana ya sama mini fili a unguwar Atrone, abu ɗaya na roƙa: ƙofar da mai wucewa zai waiwaya. Ginshiƙi biyu, a kan kowanne butar shayi ta siminti. Magini ya nuna mini dutsen da masu awon fili suka kafa, ya ce nan iyakata take, gaba kuma titi ne, kuma ma'aikatan meri, wato hukumar gari, ba sa wasa da katangar da ta ci hanya. Na tambaye shi me gwamnati za ta yi da taku huɗu a titin da awaki kaɗai ke bi. Ya ce Kaka, dokar ke nan. Na ce mai hana ni abu ya daɗe a kabari, ban kuwa nemi wani ba. Ya gina inda na ce.

Ina da maƙwabciya, wata Hajiya sa'ata, tun Klemat muke tare. In na sayi zane ta sayi irinsa, in na yi tari ta yi atishawa, amma ita ce ta riƙe ni ranar da na rasa maigida. Katangarta a kan dutse take daidai, ko ɗan yatsa ba ta wuce ba.

Wata rana na dawo daga suna a Diguel, na tarar da rubutu da jan fenti a jikin ƙofata. Matar ɗana ta duba, fuskarta ta canza, ta ce Inna, Faransanci ne, an rubuta a kase, wato… Ba ta ƙarasa ba sai ga Hajiya tana jan mayafi, tana tambayar me aka rubuta mini. Jama'a, a nan Shaiɗan ya zauna a harshena. Na kasa cewa ban sani ba. Na ce yarinyar ce ba ta iya furtawa ba, a ƙasa aka rubuta, wato babu irin wannan ƙofa a ƙasa, gwamnati ke zagayawa tana zaɓe. Yarinya ta buɗe baki, na ce ta je miyarta na ƙonewa. Da ta sake gwadawa washegari na ce lekol hassada ta koya mata. Kafin kwana uku ni kaina na yarda da maganata. Masu wucewa na ce mini Allah ya ba da haƙuri, ina cewa amin, ku ma Allah ya kai ku.

Hajiya dai ta daina cin goron da nake miƙa mata. Ran nan sai ta kira mai fenti ta ce ya kwafe mata rubutun a tata katangar, ya fi nawa girma, ya zagaye shi da furanni. Sau uku mutumin yana tambayarta ko ta tabbata. Ta ce masa ko gidan waccan kaɗai ne a ƙasar?

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, katafila ta iso, ma'aikata na biye. Na yafa mayafin biki, na sa a ɗora shayi, a zatona takardar yabo aka kawo mini. Ina cikin yi musu maraba ƙarfen katafilar ya ɗaga, ginshiƙaina suka kwanta, butocin suka gangara kwata. Ashe a rushe ake nufi. Ƙofa kam ta zama a ƙasa. Ban gama salati ba direba ya waiga ya ga rubutun da ya fi nawa kyau. Mai riƙe da takardar sunaye yana can yana amsa waya, kafin ya juyo katangar Hajiya ta zube har da ta banɗaki, ga ta tsaye da buta a hannu tana kallon titi. Ya duba takarda, babu gidanta. Ya tambaya wa ya yi rubutun, ta ce ita ce, kuma ba ta ga abin da waccan ta fi ta ba. Mutumin ya zauna a kan bulo ya dafe kai.

Da gwiwar nan mai ciwo na durƙusa a tsakar gidanta na faɗa mata gaskiya. Ta kira ni tsohuwar banza, ta ce da na ce ban sani ba, da mun zama jahilai biyu masu katanga ɗaya. Wata biyu ba ta amsa gaisuwata ba, kuma wannan ya fi rushewar ƙofa zafi. Na sa ɗana ya fara tayar da katangarta, tawa har yau zana ce.

To 'yan'uwana mata, musamman mu da ba mu yi karatu ba, in magini ya nuna muku dutse ku tsaya a bayansa, in yarinya ta fara karanta muku abu ku bar ta ta kai ƙarshe, ko da miya za ta ƙone. Cewa ban sani ba kunyar rana ɗaya ce. Ni kuwa, Hajiya ta yafe mini, amma duk takardar da ta shigo unguwa, ko ta wutar lantarki ce, sai ta jira mata sun taru, ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce Malama, fassara mana.