Rigar Da Ba Ta Da Kuskure

A shekarun da nake koyar da saƙa a gidanmu na unguwar Ali Kazaure, keken saƙa biyu gare ni a zaure, ɗaya ma sai an lallaɓa shi. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma kayan sanyin jarirai kam, a Jos ba ka rasa mai so. Matan aure ne yawancin masu koyo a wurina.

Wata safiya maƙwabciyata Bayarabiya, mai sayar da robobi a kasuwa, ta shigo da 'yarta a gaba. Yarinyar ta gama ƙaramar sakandare, malamai sun gaji da bakinta.

"Hajiya, ka riƙe shi," in ji uwar, da irin Hausarta. "In kai ma ka gaji, zan tura shi Ogbomosho wurin yayana, ya je ya yi talla."

Yarinyar kuwa haihuwar nan ce, Hausa a bakinta kamar tawa. Ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Abin da mata ke wata guda suna fama da shi, kallo ɗaya ta yi ta ɗauke. Sai dai baki! In wata ta saki ido a saƙa, daga can nesa za ta ce, "Anti, wannan riga ce ko raga?" Matan suka fara zuwa mini da ƙorafi a ɗaki.

To ni ina da ƙa'ida, yadda aka koya mini haka nake koyarwa: rigar farko, in an gama, mai ita za ta warware ta da hannunta, ta naɗe zaren. Wadda ba ta iya komawa baya ba, ranar da aikin mutane ya ɓaci a hannunta ba ta da dabara. Kuma ba a yabon mai koyo a gabanta. Sai dai a juya rigar, a taɓe baki, a ce akwai gyara.

Da ta gama rigarta ta farko, haka na yi mata. Na juya, na taɓe baki.

"Ina gyaran, Mama?"

"Akwai dai. Warware."

"Nuna mini. In kin nuna, yanzu zan warware."

Na ce ba a yi mini haka a gidana. Ta ajiye rigar a kan keke, ta sa takalmi, ta fita. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka.

Na ɗauki rigar nan na fita tsakar gida inda haske yake. Na duba wuya, na duba hammata, na ja bakin hannu. Wallahi ko ido ɗaya bai kauce ba. Na daɗe zaune da ita a cinya. Sauran matan, in na ce akwai gyara, akwai ɗin, ko ban duba ba. Ita ce ta farko da kalmar ta zama ƙarya a kanta, ta kuma gane.

Ranar Juma'a uwar ta leƙo. Ta riga ta yi magana da direban da ke tafiya kudu, jaka ma an haɗa.

Na ce ta turo mini ita tukuna.

Yarinyar ta zo ta tsaya a bakin zaure, ko zama ba ta yi ba. Matan duk suna nan, kowa ta yi kamar aiki take.

Na ce, "Na duba rigarki. Babu kuskure a ciki."

Ta ɗago ta kalle ni.

"Amma za ki warware ta. Ba don ta ɓaci ba, don ki san yadda ake yi. Kowa a nan ta yi."

Har na ɗauka za ta juya. Sai ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta nemo bakin zaren. A nan ne na ga hannunta ya yi nauyi karo na farko. Ta ja da ƙarfi, zaren ya cukuikuye, ta yi tsaki. Ta sake gwadawa a hankali.

Uwar ta sa kai ta labule. "Hajiya, mota fa?"

"Ki ce wa direba ya ba wani kujerar."

Yarinyar ba ta ɗago ba, tana naɗi tana ƙunƙuni. "Riga mai kyau haka."

Na ce, "Mai kyau ce. Ja a hankali."