Kujerar da ta ƙi jingina da bango

Ban taɓa shan wahalar aiki irin ta kujerar nan ba. Ni kafinta ne a Gaya, kuma abu ɗaya aka san ni da shi: aikina ba ya karkacewa. Da shi nake ci.

Wani dillalin gyaɗa daga Ajingi zai aurar da 'yarsa da ta gama jami'a a Kano. Suka zo tare, ta miƙo min waya da hoton kujerar da take so. Na ga wata aba a lanƙwashe kamar ƙwayar wake, ba wurin ɗora hannu, ƙafafu sirara kamar na balbela.

Na ce, “'Yata, mota ce ta bi ta kanta?”

Ta ce, “A'a Baba, haka Turawa suka ƙera ta tun zamanin kakanninmu. Yanzu manya ke rububinta.”

Uban ya ce, “Malam, yi mata kawai, ni ma na gaji.”

Na jiƙa katako, na gasa, na ɗaure da igiya, ya karye, na sake. Soso kuwa na yanka har yatsuna suka yi kanta. Duk abin da maigidana ya mare ni a kansa ina yaro, shi na zauna ina yi da gangan. Ta fito sak hoton.

Ranar jere, gwaggwannin amarya daga Gafasa suka tura kujerar jikin bango. Tsakiya ta taɓa, gefe da gefe suka ƙi. Suka danna wannan gefen, wancan ya buɗe ramin da akuya za ta kwana a ciki. Amarya tana can gidansu a lulluɓe, balle ta ce musu a tsakar ɗaki ake ajiye ta. To wa ma ke ajiye kujera a tsakar ɗaki? Ina za a shimfiɗa tabarma?

Babbar gwaggon ta kira ni a waya. “Kai ne kafintan? Ido ne ya mutu ko tsufa ne? Wallahi ka cuci yarinyar nan.”

Suka ɗora kujerar a kan a-kori-kura, ranar kasuwar Ajingi, ko ƙyalle ba su rufa mata ba, har ƙofar shagona. Kafin la'asar wani ya zo ya ce aikin gadon da ya ba ni in bari tukuna.

Washegari da safe na farke yadin, na sa zarto, na miƙar da ita sambal, na ajiye ta bakin titi inda kowa zai gani.