Wadda Ba Ta Waƙa a Ƙofar Majalisa

A ƙofar majalisar jiha a birnin Aizawl, matan coci suna waƙar yabo, suna roƙon a yi watsi da ƙudirin sake buɗe shagunan giya. Ɗaya ce, kusa da inda nake tsaye, ba ta waƙa. Siririya ce mai tabo a gira, tana riƙe da Littafi Mai Tsarki. Ko ƙofar mota aka buga, sai ta zabura. Ina jin a gida ta koyi zaburar nan.

Motar wani ɗan majalisa na tsayawa, ta dafa gilashin.

"Ranka ya daɗe, tun da aka rufe shagunan nan maigidana bai dake ni ba."

"To, Mama, za mu duba," in ji shi, yana ɗaga gilashi.

Ta juyo gare ni. "Ɗana, anya ya ji ni kuwa?"